Ƙanena zai hau igiyar ruwa a kan duwatsun Ngor ranar Asabar, wa zai karanta mini lambobin nan?

Telan Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya taɓa zama Dakar, ko wanda ya san sha'anin teku, ya taimaka mini kafin Asabar. Ni tela ne, shagona yana bayan Kasuwar Dole a Damagaram, kuma ruwa mafi faɗi da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne tabkin Gidimuni. In tambayar ta zo a karkace a yi mini uzuri.

Autanmu yana karatun likitan dabbobi a Dakar. Yaron nan tun yana ƙarami ruwa ne jarabarsa. A kududdufan bayan gari ya koyi iyo da damina, Inna ta zane shi yau, gobe ya dawo da jajayen idanu da jiƙaƙƙen wando. Da ya koma bayan hutun damina sai ya faɗa hannun wasu abokai a Yof, suka koya masa saf, wasan nan da ake tsayawa a kan allo igiyar ruwa tana gudu da mutum. Ranar da ya turo hotonsa cikin baƙar rigar roba mai kama jiki, a fadarmu sai da shayi ya ƙone a kan wuta saboda dariya. Ban ɗauki abin da zafi ba, tunda ya ce wurin yashi ne, kuma ruwan iya ƙirji.

To jiya da dare ya turo mini hoton wani jadawali daga wayarsa, yana ta murna, wai babbar rana tana tafe. Ga abin da ke ciki kamar yadda ya karanta mini. Asabar: hul, wato kumburin igiyar teku, mita 2.3, tazara sakan 15, daga arewa maso yamma. Iska daga arewa, ta ɗan karkata gabas, kilomita 15 a awa da safe, 30 da la'asar. Teku zai cika ƙarfe 8:40 na safe, ya janye ƙarfe 2:50 na rana. Lahadi mita 2, sakan 13. Talata mita 1.1, sakan 10.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ya ce wannan karon ba Yof za su je ba, tsibirin Ngor ne, kuma da na matsa masa ya yarda cewa ƙasan wurin duwatsu ne. Yana da darasi da safe, saboda haka sai bayan azahar zai shiga.

Ni a lissafina mita biyu da ɗoriya bai fi tsayin mutum da wani abin kirki ba. Akwai haɗari ne, ko ni ne nake tsoron abin da ban sani ba? Mene ne sakan 15 ɗin nan da yake ta nanatawa? Kuma in faɗa wa Inna ko in yi shiru? Hawan jini gare ta.

Hajiyar Zango:

Ɗana, wace irin tambaya ce wannan? Ka kira shi yanzu ka ce ka hana, shi ke nan. Karatu aka tura shi ko wasan ruwa? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kowace damina a garin nan sai an ciro ɗan wani daga kududdufi, ruwan da bai kai ya kawo ba, balle teku. Kai ne babba, kana da bakin magana. Amma kar ka faɗa wa mahaifiyarku, bar ta ta yi barcinta.

Mai Dibin Ngor:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Hajiya, a gafarce ni zan ɗan tsawaita.

Ni ɗan Garin Malam ne. Na daɗe ina gasa nama a Dakar, abin da suke ce wa dibi hausa, da farko a Wakam, daga baya a Ngor, kusa da inda kwalekwale ke kwasar mutane zuwa tsibirin. Bara na dawo gida. Da yamma yawancin masu sayen namana masu allon nan ne, sun fito daga ruwa gashi na ɗiga, kuma ba su da wata hira sai ta hul da iska. Su suka ja ni cikin ruwa har na iya tsayawa. Ban kai gwani ba, amma jadawalin nan na san shi, don kullum sai an miƙo mini waya a kan tukuba an ce duba gobe.

Amsarka a taƙaice: Asabar ba ranarsa ba ce, kuma sa'ar da ya zaɓa ita ce mafi muni a duk yinin.

Mita 2.3 ɗin da kake gani, na can tsakiyar teku ne inda ruwa ke da zurfi. Ba shi ne tsayin abin da zai tashi a gabansa ba. Masu wasan nan idonsu yana fara sauka ne a kan lamba ta biyu, tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata. In sakan 7 ne ko 8, iskar kusa ce ta haddasa su, suna zuwa a hargitse, gajeru, ba nauyi. In ta kai 14 ko 15, wannan hul ne da ya taso daga guguwar arewacin Atlantika, ya yi kwanaki a hanya, ya daidaita sahu. Irinsa in ya taka dutse sai ya miƙe tsaye. Na sha gani da idona, jadawali ya ce mita biyu, amma mutum yana tsaye a kan allonsa kuma bangon ruwan da ke bayansa ya kusa ninka tsayinsa.

Sannan ga yaudararsa. Hul mai doguwar tazara ba ya zuwa kullum-kullum. Sai teku ya kwanta lumui na minti goma ko fiye, har ka ce ƙarya aka yi. Baƙo yana tsaye a bakin dutse, ya ga haka, ya ce ai wannan ko yaro ya shiga. Ya shiga, ya zauna kusa da gaɓa inda ya ga ƙananan suna karyewa. Can sai ka ga layuka baƙaƙe sun taso daga nesa, huɗu, biyar, shida a jere, gwanaye duk sun kwanta suna tuƙi da hannu zuwa waje tun kafin shi ya lura. Ta farko ta karye a gabansa, ta raba shi da allo, ta juya shi a ƙasa. Ya ɗago ya shaƙi numfashi ɗaya, ta biyu ta iso. Ba tsayin guda ɗaya ke gama mutum ba, jerin ne. Wanda ya koya a ruwa iya ƙirji bai taɓa sanin wannan ba, don a can in ya faɗi miƙewa yake yi ƙafarsa ta taɓa yashi.

Yanzu wurin kansa. Ka ɗauki duwatsun nan na Birni da muke hawa muna yara, ka nutsar da su ƙarƙashin ruwa, wasu da zurfin mita biyu, wasu kansu na leƙowa, ka baƙanta su, ka ba su kaifi, don na can dutsen aman wuta ne. Haka ƙasan wurin da suke kira Ngor ta dama yake. Wannan ne ma ya sa gwanaye ke son sa: yashi yana tafiya, yau tudu nan gobe can, amma dutse yana inda yake, saboda haka igiya tana karyewa a wuri ɗaya kullum, ta bi hanya ɗaya. Wanda ya san wurin ya san inda zai tashi da inda zai sauka. Akwai manyan duwatsu biyu a kan hanyar da suke kira Mami da Papi, kowane ɗan Ngor ya san ta inda ake kauce musu. Ƙanenka bai sani ba, kuma ranar mita biyu da sakan 15 ba ranar koyo ba ce.

Kowane rami na dutsen nan cike yake da bushiyar teku, baƙa, mai dogayen ƙayoyi. Wata rana an kawo wani saurayi ɗan ƙasar waje aka zaunar da shi a bencina saboda ni ke da ruwan zafi a kusa. Tafin ƙafarsa daga dunduniya har yatsu ɗige-ɗige ne baƙi, ƙayoyin sun karye a ciki. Aka tsoma ƙafar a roba, wani tsohon masunci ya zauna da allura da hantsaki yana cirewa ɗaya-ɗaya, in ya kama sai ta marmashe. Har na sayar da naman daren nan ba su gama ba. Wannan kuwa shi ne ƙaramin abin da dutsen ke yi. Babban shi ne kai ya bugu.

Sai batun sa'a. Ka ce teku zai janye ƙarfe 2:50, shi kuma zai shiga bayan azahar. Ke nan daidai lokacin da ruwan da ke rufe duwatsun ya fi ƙaranci. Da safe, teku a cike, in mutum ya faɗi akwai abin da zai tare shi. Da rana dutsen ne zai tare shi.

Iska ma ba ta goyon bayansa. Dakar hanci ce da ta kutsa cikin teku, tana da fuskar arewa da fuskar kudu. Ngor da Yof suna kallon arewa. Da hunturu iskar arewa ce ke mulki, da asuba tana da sauƙi, rana na ɗagawa tana ƙaruwa. Kilomita 15 a awa ana iya haƙuri da ita. In ta kai 30 tana dukan igiyar, fuskar ruwan ta yi kunya-kunya, allo yana tsalle a ƙarƙashin mutum, igiya tana rushewa inda ba a zata ba. Shi ya sa masu abin suke shiga tun da duku-duku, kafin ƙarfe goma sun fito suna neman kofi da burodi.

Kuma bari in faɗa maka abin da zai faru ranar, in jadawalin bai canza ba. Da yawa daga gwanayen ba ma za su tsaya Ngor ba. Hul mai doguwar tazara yana iya zagaye hancin Almadi ya shigo fuskar kudu, inda iskar arewa ke fitowa daga tudu tana tare igiyar ta gaba, ta riƙe ta tsaye, ta lanƙwasa ta yi rami. Za ka same su a Wakam, gaban masallacin nan mai dogayen hasumiyoyi biyu da ke bakin ruwa, ƙarƙashin tsaunukan Mamel, ko a wuraren Almadi. Wakam ba ta tashi kullum, sai irin wannan rana. In ƙanenka yana son abin da gaske, ya je can bayan darasi ya zauna a kan tudu ya yi kallo. Zai koyi abin da wata guda a ruwa ba zai koya masa ba: inda suke zama, wace igiya suke bari ta wuce, ta ina suke fita. Kallo na ce. Wakam ta fi Ngor rashin yafiya.

Kar ya ce to bari ya koma Yof ranar Asabar tunda yashi ne. A babbar rana igiya a Yof tana rushewa gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ruwan da ta tara a gaɓa yana neman hanyar komawa, ya yi kwararo mai jan mutum waje. Talata ita ce tasa: mita 1.1, sakan 10, da sassafe, a yashi, tare da mai koyarwa.

Mushen Fizik:

Malam Mai Dibi ya gama magana, ni dai zan sa mata lissafi, don in yaron ɗalibin kimiyya ne zai fi jin lamba da faɗa. Ina koyar da fizik a wani lise, wato babbar sakandare, a nan garin, kuma darasin igiyoyi yana cikin abin da muke yi da ƴan ajin ƙarshe, duk da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Ni ma sau da yawa a allon aji nake ganinsa.

A ruwa mai zurfi, in kana son nisan da ke tsakanin ƙololuwar igiya da ta bayanta, ka ninka tazarar da kanta, ka sake ninkawa da 1.56. Sakan 7 zai ba ka kusan mita 76. Sakan 15 zai ba ka mita 351. Motsin igiya yana kaiwa ƙasa har kusan rabin wannan tsawon, ke nan ta sakan 15 tana fara jin ƙasan teku tun daga zurfin mita 175. Daga nan gabanta yana rage gudu, bayanta yana taho, ruwan ya taru ya yi sama. Abin da ya sa take lanƙwasa ta zagaye hancin ƙasa ma ke nan: ɓangaren da ya fara shiga ruwa marar zurfi shi ke fara jinkiri, sauran ya juyo. Tana karyewa ne idan zurfin ya rage kusan tsayinta da sulusi. A yashi mai gangara a hankali wannan yana faruwa sannu-sannu. A dutsen da ya taso kwatsam daga zurfi, a take yake faruwa, shi ya sa take jefa bakinta gaba.

Ƙarfin da hul ke ɗauke da shi yana tafiya ne da tsayi a ninke da kansa, a ninke da tazara. Talata: 1.1 sau 1.1 sau 10, kusan 12. Asabar: 2.3 sau 2.3 sau 15, kusan 79. A ido tsayin ya ninka sau biyu ne kawai, amma ƙarfin ya haura ninki shida. Ka tura masa wannan ya duba da kansa. Kuma ya tuna mita ɗaya ta kowane gefe na ruwan teku ya ɗara tan guda a nauyi.

Wani abin da mutane ba su lura da shi: lambar tsayin da jadawali ke bayarwa matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi. Ba ita ce iyaka ba. A cikin ƴan awoyi ana iya samun guda ɗaya da ta kusa ninka ta.

Batun cika da janyewa kuwa, wata ne ke jan sa, kuma mu da muke ƙirga kwanan wata mun fi kowa sauƙin ganewa. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, saboda haka kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, rana da wata suna ja a layi ɗaya, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi yawa. Asabar ɗin nan tana kusa da tsakiyar wata. A Dakar bambancin ba shi da girma in an gwada da wasu ƙasashe, bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, amma a kan dutsen da dama ruwansa kaɗan ne, mita guda ba wasa ba ce.

Abin da ke burge ni a cikin wannan duka shi ne ana iya ganinsa tun da nisa. Hul na sakan 15 yana tafiyar kusan kilomita 42 a awa, wajen kilomita 1,000 a yini. Guguwar da ta haife shi tana iya kasancewa kilomita dubu uku ko huɗu daga Senegal, ta ma mutu kafin ƴaƴanta su iso. Ke nan abin da zai bugi Ngor ranar Asabar yana kan hanya yanzu haka da muke magana. Shi ya sa hasashen hul na kwana biyu ko uku yake da ƙarfi. Na iska ne ke yawan sauyawa.

Iskar ma ba baƙuwarmu ba ce. Dangi ɗaya ce da wadda ke fasa mana leɓe a nan, mai kwaso ƙurar Bodele daga Chadi. A Dakar yawanci ta arewa ce mai bin gaɓar teku, da sanyi da danshi, amma akwai ranakun da take juyawa gabas ta zo musu da hazo irin namu. Ita wannan iskar ta arewa tana ture ruwan sama daga gaɓa, na ƙasa mai sanyi ya taso, shi ya sa tekun Dakar da hunturu yake sauka wajen digiri 20, alhali a ƙarshen damina yana kaiwa 27 ko 28. Ƙanenka ya fara koyo ne a ruwan ɗumi. Sanyi yana cinye ƙarfin hannu da wuri, kuma yana rage tsawon riƙe numfashi.

In za ka kira shi, ka tuna muna gabansu da awa ɗaya. Ƙarfe 2:50 nasu, 3:50 ne namu.

Mai Dibin Ngor:

Mushe, Allah ya ƙara ilimi. Da na san lissafin nan da na ci kuɗin mutane a musu.

Hajiya, ina neman afuwa, a nan ne kawai zan saɓa miki. In aka ce masa an hana shi ruwa kwata-kwata, zai ce to Yaya, ya ajiye waya, ya shiga, kuma daga ranar ba zai ƙara turo jadawali ba. Yaron da dukan Inna bai raba shi da kududdufi ba, kiran waya daga nisan ƙasashe biyu ba zai raba shi da teku ba. Yadda yake turowa yana faɗa, wannan abu ne mai daraja, kar a ɓata shi. A hana shi rana ɗaya da wuri ɗaya, a ba shi dalili, a nuna masa wata ranar.

Kuma wasan ba na ƴan iska ba ne kamar yadda ake ɗauka daga nan. Ƴaƴan masunta ne na ƙabilar Lebu suka riƙe shi, mutanen da kakanninsu suke cin abinci daga tekun nan. Cherif Fall da Khadjou Sambe, waɗanda suka fitar da sunan Senegal a wasan, duk ƴan Ngor ne. Amma ka ga bambancin ke nan. Su tun suna rarrafe suke cikin ruwan.

Malam Tela, ka ce masa ya riƙa yin abin da ba ya cikin waya. Ya dubi masunta. Hukumar yanayi ta Senegal, ANACIM, tana fitar da gargaɗi in hul mai haɗari yana tafe, kuma rediyo yana faɗa. In ya je bakin ruwa ya ga an ja kwalekwale sama an jere su, mazan suna zaune suna gyaran koma da rana tsaka, ya san amsar. Kuma duk inda zai shiga, ko a ƙaramar rana ce, ya zauna tukuna ya ga jeri biyu ko uku na manyan sun wuce kafin ya jiƙa ƙafa.

Telan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, ban faɗa wa Inna ba.

Na kira shi bayan isha'i, mun kai ruwa rana. Da farko cewa ya yi abokansa duk za su shiga, shi kaɗai zai tsaya a tudu ana masa dariya. Na tambaye shi abokan nan a ina aka haife su, ya ce Ngor. Na ce kai fa? Ya yi shiru. Sai na karanta masa lissafin Mushe, 12 da 79. Na ji yana danna waya, can ya ce haka ne. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne da na ambaci Mami da Papi, wai a ina na san su, ni da ko kogin Kwara ban taɓa gani ba. Na ce masa Damagaram babban gari ne.

Mun tsaya a kan cewa Asabar zai je Wakam kallo, zai turo mini bidiyo daga kan tudu don in tabbatar ƙafarsa a bushe take. Talata ba shi da darasi sai da rana, zai je Yof da safe. Amma ya ce in sani ba zai dawwama a yashi ba, wata rana sai ya hau Ngor. Ban yi masa musu ba.

Sauran tambaya ɗaya, Malam Mai Dibi. Ya ce akwai takalmin roba da ake sawa saboda ƙayar nan, amma abokansa ba su sawa, yana jin nauyin ya sa shi kaɗai. Yana da amfani, in tura masa kuɗin? Kuma ta yaya zai san ranar da ya isa ya gwada dutsen?

Mai Dibin Ngor:

Tura masa. Tafin ƙafar ƴan Ngor ba irin nasa ba ne, kuma su sun san inda suke takawa. Ya sayi mai kama ƙafa sosai, in ya yi sako-sako ruwa zai cika shi ya dame shi a kan allo. Ana samun na hannu a wajen masu hayar allo, ya fi araha. Takalmin ba ya hana ƙaya shiga gwiwa ko tafin hannu, saboda haka in zai faɗi a kan dutse ya faɗi a shimfiɗe, kar ya dira da ƙafa ko da kai, kuma ya rufe kansa da hannu kafin ya ɗago, don allon ma yana dawowa. In ƙayar ta shiga kusa da gaɓar ƙashi, ko wurin ya kumbura ya yi ja, asibiti zai je, a duba masa har allurar tetanus. Shi da yake karatun likita bai kamata a faɗa masa wannan ba, amma ka faɗa.

Ranar da ya isa kuwa, ba shi zai yanke ba. Sai ya iya komowa gaɓa da iyo ba allo daga bayan inda igiya ke karyewa, ba tare da ya galabaita ba, don igiyar da ke ɗaure allo a ƙafa tana tsinkewa. Sai ya iya juya allon dama da hagu yadda yake so, ba tafiya miƙe kawai ba. Sannan mai koyar da shi ya ce to. Ya fara da ranar da hul bai wuce mita ɗaya ba, teku a cike, da safe, da ɗan wurin a gefensa. Oktoba da Nuwamba sun fi masa, ruwa da ɗumi, iskar arewa ba ta kama sosai ba.

Talata kuma kar ya riƙe lambobin yau kamar an rubuta su a dutse. Ya sake dubawa Litinin da dare, musamman iskar. In ta nuna fiye da kilomita 20 tun da safe, ko tazarar ba ta sauko daga 13 ba, ya bari sai Laraba ko Alhamis. Cikar teku ranar Talata za ta matsa zuwa wajen ƙarfe 11, saboda haka in ya shiga ƙarfe takwas ruwan yana hawa ne, wanda ya fi masa daɗi a Yof. Ka ce ya ajiye lambar ƴan kwana-kwana a wayarsa, 18 ce kamar tamu.